Wa'adin haraji biyu a wata ƙaramar maɗaba'a a Kano: ɗaya ya kuɓuce, ɗaya an kama shi da ƙyar

Asalin kamfanin, 2021

Mutumin da ake magana a kansa ya shekara goma sha wani abu yana buga takardu a Kano kafin ya yi rajista. Katin biki, rasit na 'yan kasuwa, kalandar masallatai da ta makarantu, takardun jarrabawar islamiyyu, duk yana yi. Yana da injin buga takardu samfurin Kord guda ɗaya tsoho, da injin yankan takarda, da janareto, da yara shida. Abin da ya kai shi ofishin lauya shi ne manyan ayyuka da suke wuce shi, domin masu ba da su kan tambayi takardar kamfani, shi kuwa ba shi da ita.

A watan Fabrairun 2021 hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta ba shi takardar shaida. Kamfani ne cikakke, ba rajistar sunan kasuwanci kawai ba, shi da ƙanensa ne daraktoci. Aka ba kamfanin lambar shaidar mai biyan haraji, wato TIN, aka buɗe masa asusu a banki, aka tsayar da 31 ga Disamba a matsayin ƙarshen shekarar lissafi.

A ranar da ya karɓi takardun ya tambayi yaron lauyan maganar haraji. Yaron ya ce masa, "Alhaji, ai ku ƙananan kamfanoni gwamnati ta yafe muku." Ba ƙarya ya yi ba. Dokar Kuɗi ta 2019, wadda ta fara aiki a farkon 2020, ta raba kamfanoni gida uku bisa jimillar cinikinsu na shekara: wanda bai wuce naira miliyan 25 ba babu harajin riba a kansa, wanda ya haura haka amma bai kai miliyan 100 ba zai biya kashi 20 cikin ɗari na ribarsa, manya kuma kashi 30. Sai dai wannan dokar ta ci gaba da cewa ƙaramin kamfani zai riƙa miƙa bayanan harajinsa a kan lokaci kamar kowa, kuma tarar jinkiri tana hawa kansa kamar kowa. Wannan rabin ne bai iso kunnen Alhaji ba.

Cinikin 2021, daga Fabrairu zuwa Disamba, ya tsaya a kan miliyan 14.

Wa'adin farko, Yuni zuwa Agusta 2022

A lokacin, sabon kamfani yana da wata 18 daga ranar rajista, ko wata 6 bayan rufe lissafinsa na farko, duk wanda ya riga cika. Wata 18 daga Fabrairun 2021 ya faɗa Agustan 2022. Wata 6 daga 31 ga Disamba ya faɗa 30 ga Yuni. Ke nan 30 ga Yunin 2022 ce ranarsa.

Shekarar nan hukumar tara haraji ta ƙasa, FIRS, ta ƙara wa kamfanoni wa'adi zuwa 31 ga Agusta. Sanarwar ta zo da sharaɗi: duk wanda ya sake makara bayan ƙarin, za a lissafa masa tara da kuɗin ruwa tun daga ranar asali, ba daga ranar da aka ƙara ba.

A maɗaba'ar babu wanda ya san da ranar farko, balle ta biyu. Babu wanda ya zo, babu wasiƙa da suka gani. Adireshin imel da aka sa wajen rajista na yaron lauyan ne, kuma yaron ya bar wurin aikin. Daga Yulin 2022 tara ta fara taruwa a ɓoye: naira 25,000 a watan farko, 5,000 a kowane wata bayansa.

Kakar fosta, Satumba 2022 zuwa Maris 2023

Aka buɗe yaƙin neman zaɓe ranar 28 ga Satumban 2022. Duk wanda ya san unguwannin masu buga takardu a irin wannan lokaci ya san ba a barci. Injin yana juyawa har asuba, ana shanya fosta a kan tebur da ƙasa, wakilan 'yan takara na tsaye a ƙofa kowa yana cewa nasa ne na gaggawa. Daga Janairu zuwa Satumba kamfanin ya yi cinikin miliyan 15. Oktoba kaɗai ta kawo 7, Nuwamba 8, Disamba 8. Shekarar ta rufe a kan miliyan 38.

Wani lokaci a tsakiyar Nuwamba, ba tare da kowa ya lura ba, jimillar ta tsallake miliyan 25. Abu biyu suka sauya a ranar. Kamfanin ya fita daga sahun waɗanda aka yafe wa harajin riba, ya shiga na kashi 20. Sannan ya shiga cikin waɗanda doka ta ɗora wa karɓar harajin VAT, wanda ake ƙarawa a kan kuɗin kaya ko aiki, na kashi 7.5 daga abokan ciniki, su kuma miƙa bayaninsa zuwa ranar 21 ga kowane wata mai bi.

Lissafi kuwa ya yamutse. Masu fosta da yawa da tsabar kuɗi suke zuwa. Da aka shiga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sai kowa ya koma tura kuɗi ta waya, kuma duk asusun da saƙo ya fi saurin shiga shi ake bayarwa: na kamfani, na Alhaji, na ƙanensa, wani lokacin har na mai POS da ke bakin layi. Wasu ayyukan an rubuta musu rasit, wasu an ce sai an dawo. Akwai 'yan takarar da har yau ba su dawo ba.

Ranar da aka nemi takardar shaida, Mayu 2023

A watan Mayu wata ƙungiya mai zaman kanta ta nemi masu buga mata littattafan horo. Aikin zai kai miliyan 9, kuma Alhaji yana da wanda ya san shi a ciki. Cikin takardun da aka jera akwai shaidar biyan haraji ta kamfani, wadda kan nuna matsayin kamfani na shekaru ukun baya, ko iya shekarun da ya yi in bai kai uku ba. An ba da mako biyu.

Ya ɗauko fayil ɗinsa, ya fito da rasit ɗin bayanan shekara da ya biya wa CAC, ya miƙa da ƙwarin gwiwa. Jami'ar ƙungiyar ta duba ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan na rajista ne. Ta haraji muke nema."

Hanyoyi uku da ba su ɓulle ba, Mayu zuwa farkon Yuli

Da farko ya nufi hukumar haraji ta jiha, inda yake biyan nasa na ƙashin kansa. Aka yi masa bayani cewa harajin mutum da na albashin ma'aikata na jiha ne, harajin ribar kamfani da VAT kuwa na tarayya. Kwana biyu suka tafi a nan.

Na biyu, wani abokin sana'a ya haɗa shi da wani ɗan kamasho da aka ce ya san hanya. Mutumin ya ce kwana uku, naira 120,000, rabi yanzu rabi in takarda ta fito. A kwana na biyar ya kawo takarda mai tambari da sa hannu, ya karɓi cikon kuɗinsa. Ƙungiyar ta bincika lambar da ke jikin takardar, ba ta dace da komai ba. Aikin ya tafi hannun wani. Wanda ya san Alhaji a ciki ya kira shi a waya ya ce ya gode wa Allah da aka tsaya a mayar masa da takardarsa, ba a kai maganar gaba ba. Lambar ɗan kamashon ta daina shiga.

Daga nan jikinsa ya yi sanyi, ya ajiye maganar. Cire tallafin mai a ƙarshen Mayu da faɗuwar naira a Yuni sun tayar da farashin komai, rim ɗin takarda yana sauya kuɗi tsakanin safe da yamma, hankalinsa yana can. Babbar Sallah ta faɗo Laraba 28 ga Yuni, aka yi hutun kwana biyu. Juma'a 30 ga wata, ranar wa'adin bayanan 2022, maɗaba'ar ma a rufe take, yara sun tafi garuruwansu.

Na uku ita ce wasiƙa. Ranar Litinin 3 ga Yuli ƙanensa ya ji a bakin wani cewa ana iya neman ƙarin lokaci a rubuce. Suka je shagon buga takardu na kwamfuta aka tsara musu wasiƙa mai ladabi, suka kafa hujja da hutun Sallah da tsadar kaya. Dokar harajin kamfanoni ta lokacin ta yarda da irin wannan roƙo, amma da sharaɗi biyu: a shigar da shi kafin wa'adi ya cika, kuma a kawo dalili mai ƙarfi. Wasiƙar ta makara da kwana uku, kuma Sallah ba abu ba ne da ke zuwa ba zato.

Makonni shida da akanta, Yuli zuwa Agusta

Abin da ya cece su ba daga hannunsu ya fito ba. FIRS, a lokacin ƙarƙashin Muhammad Nami, ta sake yin irin abin da ta yi bara: kamfanonin da wa'adinsu ya faɗo tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Agustan 2023 suna da har zuwa 31 ga Agusta, babu tara babu kuɗin ruwa. Sharaɗin bara yana nan, wanda ya wuce ranar za a koma masa lissafi baya. An kuma fayyace cewa ƙarin na harajin ribar kamfani ne kaɗai, bai shafi VAT ko harajin da mai ba da aiki ke cirewa daga kuɗin aiki kafin ya biya ba.

A tsakiyar Yuli wani dillalin takarda da Alhaji ke saye a wurinsa ya tura shi wajen akantar da ke yi masa aiki, mace mai lasisi da ƙaramin ofishi da ma'aikata biyu. Ta saurare shi har ya gama, ta karɓi wasiƙar ta karanta ta ajiye gefe.

"Alhaji, ina littafin ciniki?"

"Hajiya, ai komai yana kaina."

"To kanka ba zai shiga kwamfuta ba. Kawo mini duk wata takarda da ke shagon nan, ko ta ƙunshin ƙosai ce."

Mako na farko ya tafi wajen ƙwato shafin kamfanin a TaxPro-Max, manhajar da hukumar ta fara amfani da ita a Yunin 2021, wadda a lokacin ta nan ake shigar da bayanai a kuma ciro lambar biya. Sai da aka rubuta takarda da sa hannun daraktoci biyu aka sauya imel da lambar waya zuwa na kamfanin.

Babban aikin shi ne gano nawa aka sayar a 2022. Bayanan asusun kamfani sun nuna miliyan 21 kacal, kuma nan Alhaji ya ga ƙofa. Ya ce a tsaya a kan wannan adadin mana, tunda bai kai 25 ba. Akantar ta ƙi. Ta nuna masa cewa kamfanoni biyu da ya yi wa aiki sun cire kashi 5 daga kuɗinsa da sunan haraji, ɗayansu ya riga ya kai wa hukuma da lambar TIN ɗin maɗaba'ar. Ta nuna masa rasit ɗin takardar da ya saya, wadda ta fi ƙarfin cinikin miliyan 21 nesa ba kusa ba. Ta ce ba za ta sa hannunta da hatiminta a kan adadin da duk mai ido zai ƙaryata cikin minti goma ba.

Abin da ya warware lissafin wani littafi ne da ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Babban yaron da ke kan inji yana da littafin makaranta mai bango ja, duk ya sha tawada da man inji, inda yake rubuta kowane aiki da ya hau Kord: kwanan wata, sunan mai aiki ko laƙabinsa, rim nawa, launi nawa. Ba don haraji yake yi ba. Yana yi ne saboda an taɓa zarginsa da ɓatan takarda, ya rantse ba za a sake ba. Da aka ce ya kawo, sai da ya kalli maigidansa tukuna.

"Maigida, har da na dare a ciki fa."

"Kawo, ai yanzu babu sauran na dare."

Ma'aikacin akantar ya zauna da yaron kwana tara a kan benci kusa da injin yanka, suna bin layi-layi. Kowane aiki a nemo masa kuɗinsa a ɗaya daga asusu uku, ko a littafin mai POS, ko a rubuta shi bashi. Ayyuka 412 ne a shekarar. Aka samo wa 371 shaidar biya, sauran aka ƙiyasta su da farashin rim na watan. Nan ne miliyan 38 ta fito.

Bayan an cire kuɗin takarda, tawada, faranti, gas na janareto, haya da albashi, riba ta tsaya a miliyan 6. Aka cire rangwamen tsufan injina na miliyan 1.5, saura 4.5. Kashi 20 na wannan ya ba da naira 900,000. Harajin ilimi na kashi 2.5, wanda ake ɗorawa a kan miliyan 6 ɗin, ya ba da 150,000. Daga kuɗin da abokan ciniki suka cire masa, 250,000 ne suka bayyana a shafinsa, aka rage su. Ɗaya kamfanin ya cire amma babu alamar kuɗin, aka rubuta masa wasiƙa aka ci gaba, domin jiransa zai cinye wa'adin. Abin biya ya zama 800,000.

Alhaji ya tambaya ko za a bar shi ya biya kashi-kashi. Doka ta yarda, amma kashin ƙarshe dole ya shiga kafin ranar wa'adi, saura kuwa kwana goma sha ɗaya. Ya sayar da tsohon janareto da ke ajiye, ya karɓi kwasar adashinsa da wuri bayan ya roƙi wanda ke gabansa a layi.

Akantar ta ƙi a kai ranar ƙarshe. Aka shigar da bayanan 2021 ranar 24 ga Agusta: haraji sifili, tara naira 90,000, wato 25,000 na Yulin 2022 da 5,000 sau 13. Da daga ƙarin wa'adin bara aka lissafa, da 80,000 ne, amma sharaɗin komawa baya ya yi aikinsa. Bayanan 2022 suka shiga Talata 29 ga Agusta, aka biya a banki ta Remita, hanyar biyan kuɗin gwamnati, washegari. Saura kwana ɗaya.

Da sun zarce zuwa Satumba, da tarar jinkirin miƙawa ta kai 35,000, ga kashi 10 na kuɗin da ba a biya ba, ga kuɗin ruwa tun daga 1 ga Yuli, wanda ake aunawa da ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki, a lokacin kashi 18.75, da ƙari a kai.

Ragowar bashin, Satumba zuwa Disamba

Alhaji ya ɗauka an gama. Akantar ta ce yanzu aka zo wurin da ya fi ciwo.

Tun Nuwamban 2022 ya kamata ya riƙa ɗora VAT a kan rasit. Bai ɗora ba, bai karɓa ba, bai miƙa bayani ko na wata ɗaya ba. Tarar jinkirin VAT kuma ta ninka ta harajin riba: 50,000 a watan farko, 25,000 a kowane wata bayansa. Cinikin da ya shiga lissafi daga lokacin da aka tsallake iyaka zuwa Agustan 2023 ya kai miliyan 32, VAT ɗinsa miliyan 2.4. Aka rage abin da shi ma ya biya wajen sayen takarda da tawada, iya wanda ke da rasit mai nuna VAT, naira 900,000. Saura miliyan 1.5, kuma daga aljihunsa za su fito, domin babu ɗan takarar da za a bi bayan zaɓe a ce ya ciko kashi 7.5 na fostar da ruwan sama ya riga ya wanke.

Daga Satumba aka buga sabon littafin rasit mai layin VAT, a injinsu. Abokan ciniki biyu suka yi fushi suka koma wajen maƙwabci da ba ya ɗorawa. Aka fara miƙa bayanin kowane wata kafin 21, aka shigar da na watannin baya, aka rubuta takardar neman sassauci.

A Disamba hukumar, a lokacin ƙarƙashin Zacch Adedeji da aka naɗa a Satumba, ta sanar da yafe tara da kuɗin ruwa a kan tsoffin basussukan haraji ga duk wanda ya biya uwar kuɗin gaba ɗaya zuwa 31 ga Disamban 2023. Disamba watan kalanda ne, lokacin da masu buga takardu ke ganin kuɗi. Alhaji ya nemi masu odar kalanda su ba da kashi 70 a gaba maimakon rabi, ya jinkirta sayen wuƙar injin yanka, ya biya miliyan 1.5 ranar 21 ga wata. Tara da kuɗin ruwan da suka hau kan wannan bashin suka faɗi. Naira 90,000 da aka biya a Agusta ba su dawo ba.

2024

Takardar shaidar biyan haraji ta fito a Fabrairu, ta gaske, mai lambar da ake iya dubawa. An miƙa wa jiha bayanan albashin ma'aikata kafin 31 ga Janairu, na Alhaji da ƙanensa kafin 31 ga Maris. Cinikin 2023 ya rufe a miliyan 31, duk da cewa littafin yaron inji ya nuna ayyuka sun ragu sosai a kan na 2022. Tsadar takarda ce ta kumbura adadin, ba yawan aiki ba, kuma ita ta riƙe kamfanin a sama da iyakar miliyan 25. An shigar da bayanan a Afrilu.

Me ya ci, me bai ci ba

In aka tara asarar da ake iya ƙirgawa, ɗan kamasho ya ci 120,000, tara ta ci 90,000, VAT da ba a karɓa ba ya ci miliyan 1.5, ban da aikin miliyan 9 da ya wuce. Mafi ƙanƙanta a ciki ita ce tarar da kowa ke tsoro. Mafi girma ta fito ne daga wa'adin da ke zuwa kowane wata, wato na VAT, wanda ƙarin wa'adin harajin riba bai shafa ba, kuma babu wanda ya yi maganarsa a maɗaba'ar sai da komai ya wuce.

A ganina ba daidai ba ne a ce dabara ce ta fitar da Alhaji. Sau biyu sanarwar hukuma ta faɗo a daidai lokacin da yake buƙata, ta Agusta da ta Disamba, kuma babu ɗayansu da doka ta wajabta. Ƙarin 2022 ma ya zo ya wuce bai amfane shi da komai ba, saboda ba shi da lissafin da zai shigar ko da ya ji labari. Bambancin 2023 shi ne an samu wata biyu, aka kuma samu abin da za a cika su da shi: akantar da ta ƙi sa hannu a kan miliyan 21, da littafi mai bango ja. Ita ma ina da ƙorafi ɗaya a kanta. Tun a Yuli ta ga matsalar VAT, ta zaɓi ta yi shiru har a gama da wa'adin Agusta don kada ta tsorata shi. Hakan ya sa an ƙara wata ɗaya da rabi ana rubuta rasit babu VAT, kuma wannan ma daga aljihunsa ya fito.

Wasiƙar 3 ga Yuli kuwa, ko da an kai ta da wuri, ba na jin hutun Sallah zai karɓu a matsayin dalili. An tanadi wannan ƙofar ne don irin gobara ko ambaliya ko rasuwar wanda lissafi ke hannunsa.

Adadin da ke cikin wannan labari na tsohuwar doka ne. Sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, masu fara aiki daga Janairun 2026, sun maye gurbin FIRS da sabuwar hukumar tara haraji mai suna NRS, sun kuma ɗaga tarar jinkirin miƙa bayanai zuwa naira 100,000 a watan farko da 50,000 a kowane wata bayansa. Jinkirin wata 14 da ya ci wa maɗaba'ar 90,000 a kan harajin sifili, a sabon ma'auni 750,000 ne.